Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin masu haya da babur: ku koya wa yaranku goyon mai jiki

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe shugabannin ƙungiyoyin masu haya da babur, da malaman da ke koyar da tuƙi, da jami'an da ke ba da lasisi. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin riƙon jama'a.

Na rubuto muku ne a madadin mu masu jiki, maza da mata, waɗanda Allah ya yi mu da nauyi kuma ba mu da motar kanmu, dole sai mun hau bayan babur za mu je aiki ko asibiti ko mu kai yara makaranta. Kuma ba mu kaɗai ba, har da yaranku da ke goyonmu, domin in aka faɗi ai tare ake faɗuwa, sau da yawa ma ƙafar direban ce babur ke dannewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na daɗe ina lura da cewa ana yi wa yaro rajista, a ba shi riga da lamba, a karɓi kuɗin ƙungiya, a sake shi ya hau titi ya fara ɗaukar mutane, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake goyon mutum mai nauyi. Gwajin tuƙin ma, inda ake yin sa, shi kaɗai yake hawa ya zagaya ya dawo a ce ya iya. To ya iya tuƙa kansa, wannan gaskiya ne. Amma sana'arsa ai goyo ce, kuma goyon ne ba a gwada shi a kai ba.

Ranku ya daɗe ku dubi lissafin nan kawai. Ƙananan baburan da ake haya da su, masu ƙarfin 100 zuwa 125 cc, nauyinsu bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba. A ce babur kilo 120 ne, direba saurayi ne siriri mai kilo 60, ka ga shi da mashin ɗinsa 180 ke nan, kuma da wannan nauyin ya saba, da shi ya koyi taka birki, da shi ya koyi shan kwana. Sai ni mai kilo 120 na zo na hau, nan take abin da ke hannunsa ya koma kilo 300. Wallahi ba mashin ɗin da ya sani ba ne kuma, wani daban ne, amma birki ɗaya, taya ɗaya, hannu ɗaya. Kuma wannan ƙarin nauyin ba a tsakiya ya zauna ba, can baya ya zauna kuma a sama, kusan duka a kan tayar baya. Shi ya sa gaba ke yin sakayau, kan babur ya riƙa rawa a hannu, in ya ɗan murɗa totur da ƙarfi a wurin tashi ko a kan tudu sai ka ga tayar gaba na neman ɗagawa.

Ƙorafina na farko a kan iyakar lodi ne. Duk babur da kamfani ya ƙera akwai nauyin da aka ce kada a wuce, yana nan a rubuce cikin littafin da ke zuwa da shi, kuma lissafin ya haɗa da direba da fasinja da kaya gaba ɗaya. Direbobi nawa ne a cikin ƙungiyoyinku suka taɓa ganin wannan littafin? Akasari babur na hannu ne ya zo musu, littafin ya daɗe da ɓata, sai dai su yi ta ɗora lodi har sai sun ji ƙarfe ya fara kuka. Ita ma taya tana da tata iyakar a jikinta, bayan lambar girma za ka ga wata lamba da harafi, kamar 48P ko 52P. Wannan 48 ɗin na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 180, 52 kuma kilo 200, kuma sai in iskar ta cika daidai. Yaro zai je ya sayo taya mai araha mai ƙaramar lamba domin girmanta ya shiga, bai san ya rage wa babur ɗinsa ƙarfin ɗaukar kaya ba.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi damuna domin ita ce mafi sauƙin gyara kuma ita aka fi yi wa sakaci. Kamfanoni kan ba da awon iska biyu na tayar baya, ɗaya in mutum shi kaɗai ne, ɗaya in da goyo, a ƙananan babura da yawa bambancin fam uku ne ko huɗu, misali 28 in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja. Wasu baburan ma an manna takardar a jikinsu kusa da sarƙa. Amma me muke gani? Mai faci ya sa iska ya matsa taya da yatsa ko ya ƙwanƙwasa ya ce ta yi, babu geji babu komai. Taya mai ƙarancin iska in ta sha nauyi sai ta riƙa lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, gefenta ya raunana, in aka faɗa rami ƙarfen ƙafar ya ciji tiyub ya fashe. Fashewar tayar baya da mutum mai nauyi a kai, ana cikin gudu, ba kowane direba ke iya riƙe ta ba, bayan babur ne zai fara wutsil-wutsil hagu da dama kafin a ankara an kai ƙasa. Kuma awon iska da safe ake yin sa kafin taya ta yi zafi, wanda aka yi bayan an sha tafiya ƙarya yake nunawa.

Haka sifirin ɗin baya. Yawancin baburan nan suna da matakai a ƙasan sifirin, galibi guda biyar, da ake juyawa da 'yar sifana a ƙara masa tauri saboda lodi. Akwai direbobin da suka shekara suna aiki ba su san amfanin waɗannan haƙoran ba. Wani kuma bakanike ya taɓa gefe ɗaya ya bar ɗaya, babur ya riƙa tafiya a karkace, alhali dole ne duka biyun su kasance a mataki ɗaya. In sifirin ya yi laushi ko ya mutu, da na zauna sai bayan ya nutse ƙasa gaba ɗaya, babu sauran wurin da zai motsa, duk ramin da aka shiga a ƙashin bayana da ƙarfen babur zai sauka. Ƙasan mashin ya riƙa gogar tudun rage gudu, jak ya taɓa kwalta a kwana, sarƙa ta ɗaure tamau. Da dare kuma fitila ta ɗaga sama tana haske idon masu tahowa, shi kuma direban bai ganin ramin da ke gabansa.

Yanzu bari in zo kan hawa da sauka, domin mu masu jiki a nan muka fi shan wahala, ba ma a cikin gudu ba. Akwai ranar da na tsayar da wani yaro, da ganinsa sabon hannu ne, ya tsaya a gefen hanya wurin da ƙasa ta ɗan gangara, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, hannunsa ɗaya yana duba waya. Ya ce in hau, na taka matakin ƙafa na ɗora nauyina, sai babur ya taho kaina gaba ɗaya, muka zube, ya danne mini ƙafa shi kuma gwiwarsa ta daki dutse. Ko taku ɗaya ba mu yi ba. Ban ga laifin yaron sosai ba, domin da ya tashi jikinsa rawa yake yana ba ni haƙuri, kuma na tabbata babu wanda ya taɓa gaya masa cewa kafin mai nauyi ya hau sai ya nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi wanda ba yashi, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa ya buɗe su, ya riƙe birkin gaba da kyau, hannu biyu a kan babur, ya ɗan karkatar da shi zuwa ɗaya gefen domin ya tari nauyin, sannan shi ne zai ce "bismillah, hau". Fasinja ta hagu ya kamata ya hau, domin a yawancin babura salansa a dama yake, kuma ƙunar salansa a ƙwauri ba ƙaramin ciwo ba ne, musamman ga mai ciwon suga wanda rauni ba ya saurin warke masa. In akwai dakali ko gefen titi mai ɗan tudu, a matsa kusa da shi, mai jiki ya tsaya a kai ya ɗaga ƙafa ya zauna ba sai ya ɗora duk nauyinsa a mataki ɗaya ba. Sauka ma haka, ba sai an tsaya kawai fasinja ya zame ba, sai direba ya kafe ya ba da izini.

Bayan an hau kuma akwai wurin zama. Sirdin ƙananan babura gajere ne, to abu biyu ke faruwa: ko dai a tura mai jiki can baya rabinsa a kan kariyar ɗora kaya, wato bayan tsakiyar tayar baya, wanda shi ne mafi munin wurin da za a ɗora nauyi domin yana ɗaga gaba, ko kuma shi direban ya matsa har kan tanki, gwiwar hannunsa a manne da cikinsa, ba ya iya juya kan babur sosai, ƙafarsa ma ba ta zauna daidai a kan birki ba. In kuka ga direba a kan tanki, wannan babur ɗin bai isa ɗaukar wannan fasinjan ba, magana ta ƙare. Balle a ƙara da jaka ko buhu a tsakanin hannuwansa, ko a ce a ƙaro mutum na uku. Goyon biyu tare da mai jiki bai kamata ƙungiya ta yarda da shi ba ko sau ɗaya.

Tuƙin kansa fa? Ranku ya daɗe kun fi ni sanin cewa babur mai lodi ba ya tsayawa inda ya saba tsayawa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kafin ma ya kai hannu kan birki ya riga ya wuce tsawon motoci da dama, kuma in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu. Ga shi an ƙara wa ɗan ƙaramin birki aikin tsayar da kilo ɗari da wani abu. Amma yaro zai manne wa bayan mota kamar yadda yake yi in shi kaɗai ne, motar ta ci birki, shi ma ya damƙe nasa, ni kuma duk nauyina ya taho ya daki bayansa, ya tura shi kan tanki, hannunsa ya ƙara matse birkin gaba ba da niyya ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da na gaba, ya fara rage gudu tun daga nesa, ya haɗa birki biyu a hankali, kuma ya san cewa da goyo birkin baya ya fi kamawa fiye da yadda ya saba domin nauyi na danne tayar. A gangara mai tsawo ya sa ƙaramar giya injin ya taya shi riƙewa. Wannan ɗabi'ar ta kashe inji ko sa firi a gangara domin a rage shan mai, da mai jiki a baya, ganganci ne tsantsa, birki zai yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wajen wuce mota ma sai ya tuna mashin ɗin ba zai ja da saurin da ya sani ba, ratar da take isarsa da can yanzu ba za ta isa ba.

Kuma abin mamaki, a hankali-hankali ɗin nan ne nauyi ya fi kayar da mutum: juyawa a tsakiyar titi, kutsawa tsakanin motoci a cunkoso, shiga yashi ko laka, hawa kan kwalta daga gefen hanya. Da babur ya ɗan karkata a irin wannan tafiyar, ƙafar saurayi mai kilo 60 ba za ta iya tare kilo 300 ba. In wuri ya yi muni ya ce mini "Baba, don Allah sauka mu wuce nan tukuna" ko "Hajiya, ki ɗan taka kaɗan in juyo", wallahi ba zan ji haushi ba, godiya zan yi masa.

Mu ma fasinjoji akwai abin da ya kamata a gaya mana, kuma direba ne zai gaya mana, in an koya masa. Da yawanmu saboda tsoro in aka zo kwana babur ya kwanta sai mu miƙe mu karkata ɗaya gefen, mai nauyi in ya yi haka ya fi ƙarfin direba, babur ya ƙi shan kwanar ya miƙe zuwa hannun masu tahowa. Magana ce ta daƙiƙa goma kafin a tashi: ka zauna kusa da ni, ka riƙe ƙuguna ko ƙarfen baya, kada ka riƙe kafaɗata ko hannuna, jikinka ya bi nawa, a kwana ka leƙa ta kafaɗata ta ɓangaren da muke juyawa, kada ka sauke ƙafa ko mun tsaya, kada ka gyara zama sai ka gaya mini. Mai dogayen tufafi a ce ya tattare su, domin in sarƙa ko wayoyin taya suka kama bakin tufa ba sa saki, fizgo mutum suke yi ƙasa. A Indiya doka ce babur ya zo da kariyar da ke rufe aƙalla rabin tayar baya saboda wannan, tare da mariƙi da matakin ƙafa na fasinja. Zaman da ake yi ƙafafu biyu a gefe ɗaya kuma, ga mai jiki haɗarinsa ya fi yawa, domin nauyin ya taru a ɓangare guda kuma babu yadda za a matse babur da gwiwa in an ci birki.

Hular kwano ita ma ina da kuka a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma bincike ya nuna sa hular kwano yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma hular da ake miƙo mana, in ma akwai ta, ƙarama ce ba ta shiga kanmu, sai dai a ɗora ta a sama ba a ɗaure ba, igiyar ma ta tsinke. Irin wannan da an faɗi ita ce ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa.

Akwai kuma abin da ya fi ciwo, wato wulaƙanci. Wani ya gan ka ya kau da kai ya wuce, wani ya tsaya ya yi maka dariya a gaban jama'a, abokansa na tayawa. Wani kuma kunya ko son kuɗin ya sa ya ɗauke ka alhali ya san tayarsa ta suɗe, birkinsa ba ya kamawa. Duka biyun cutarwa ce, kuma tushensu ɗaya, ba a koya musu yadda za su gane abin da babur ɗinsu zai iya ba, ba a kuma koya musu yadda ake cewa a'a cikin ladabi ba.

Saboda haka ga roƙona gare ku.

Kada a ƙara ba wa kowane sabon direba riga da lamba sai ya yi gwajin goyo. A fara da buhunan yashi da aka ɗaure a baya, a riƙa ƙara nauyi, ya tashi, ya tsaya, ya juya a ƙaramin fili, ya tashi a kan tudu, ya ci birkin gaggawa, sannan a gwada shi da mutum. Kuna da tsofaffin direbobi da suka shekara ashirin suna wannan aiki ba su taɓa kayar da kowa ba, ilimin yana hannunsu, ku ba su wannan aikin ku kuma biya su. Jami'an lasisi su ma ina roƙon su sa goyo a cikin gwajin duk wanda zai yi haya, kada a haɗa shi da mai hawa don kansa.

A kowace tasha a ajiye gejin iska da sifanar gyara sifirin, ƙananan kaya ne da kuɗin ƙungiya zai iya saya, a manna takarda a bango mai nuna iyakar lodi da awon iska na kowane irin babur da ake aiki da shi a wurin, da manyan haruffa da harshen da yaran ke ji. A sa wani ya riƙa duba taya da birki da matakin ƙafa da mariƙin baya lokaci-lokaci, wanda aka samu babu matakin fasinja ko tayarsa ta suɗe a ajiye shi sai ya gyara. A tanadi hulunan kwano manya da ƙanana masu igiya mai kyau.

Ku kuma ware waɗanda baburansu suka fi girma kuma hannunsu ya faɗa, a san su a tasha, ta yadda in mai jiki ya zo za a ce "ga wane can, shi zai kai ki" ba tare da layi ya hana ba, wanda aka tsallake kuma a bar masa matsayinsa kada ya yi asara. Wanda ya ga babur ɗinsa ba zai iya ba, ku ba shi dama ya faɗa cikin mutunci ya haɗa mu da wanda zai iya. Wanda kuma aka kama yana yi wa fasinja ba'a saboda jikinsa, ku hukunta shi kamar yadda kuke hukunta wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba.

Ina fata za ku sa wannan magana cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba, kuma in kuna buƙatar masu jiki da za su zo a gwada yaran da su bayan sun wuce matakin buhunan yashi, akwai mu da yawa da za mu zo.

Wassalam, na gode.

Naku,
ɗaya daga cikin fasinjojinku masu jiki